Likkafanin da Bai Kai Ba

Duk wanda ya tashi a Gangaren Tudu bayan samun 'yancin kai ya san Inna Rahamatu, ko da bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Kaɗan ne ma suka zauna. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, har daga unguwar Liman Abaji akan aiko a kira ta. Doguwa ce, siririya, mai manyan hannuwa, kullum tana sauri kamar wadda aka aika. Mu mutanen Keffi, Allah ya shirye mu, ranar da aka yi rasuwa babu wanda ya kai ta daraja, ana Inna nan, Inna can. Bayan kwana uku kuwa, in ta miƙo goro sai ka ji an ce an gode, yanzu aka ci.

Ba gadon sana'ar ta yi ba. Mijinta Husaini falken doya ne, zazzaɓi ya ɗauke shi a shekarar da Turawa suka sauke tutarsu. 'Ya'ya uku ta haifa masa, babu wanda ya kai yaye da shekara biyu. Ta ƙarshen, mace, ita da kanta ta wanke ta, don tsohuwar da ke wannan aiki a lokacin ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sai dai ta faɗa da baki. Da tsohuwar ta ga hannun Rahamatu bai yi rawa ba, ta ce mata, "Ke Allah ya yi domin wannan." Shi ke nan, ta koya mata yadda ake zuba ruwa, da yadda ake rufa asirin mamaci, da yadda ake yaga likkafani ba tare da almakashi ba. Rahamatu ba ta sake aure ba. Gaskiya ma dai ba a yi ta zarya a ƙofarta ba.

Mutum ɗaya ce tak ba ta ƙyamarta: Salamatu mai daddawa, wadda katanga ce kawai ta raba su. Salamatu gajera ce, bakinta ba ya mutuwa. Kullum bayan la'asar za ta zagayo da kwanon tuwo ko dafaffiyar doya, ta dire, su sa hannu tare. In wata ta yi mata maganar, sai ta ce, "Hannun da zai wanke ni ne zan guda? Gara mu saba tun yanzu." Ta kan juya ta ce wa Rahamatu, "Ke kuma in na riga ki, ban da gaggawa. Ki wanke ni kamar amarya." Sai su yi dariya. A gidan Inna Rahamatu ba a jin dariya sai in Salamatu na ciki. 'Yar Salamatu guda ɗaya, Zubaidatu, a bayan Rahamatu ta yi rabin goyonta, har ta girma ta auri wani akawu suka tafi Kaduna.

Salamatu kuwa ta riga ta. A shekarar Udoji ne, cikin damina, lokacin da kuɗi ya shigo gari, kowane ma'aikaci na rataye da rediyo, kasuwa ta cika da sabon kaya. Ta yi jinyar sati biyu, Zubaidatu da mijinta suka iso ana gobe za ta cika. Da hantsi ta rasu.

Ka'ida, maza ke sayo likkafani. Amma mijin Zubaidatu baƙo ne a gari, sai ya ce Inna ta fi kowa sanin yadi mai kyau, ta taimaka ta je. Yadi goma sha biyu na alawayyo ya ce a sayo. Ta je kantin Alhaji Zailani, wanda a lokacin ya fi kowane kanti cika a layin 'yan yadi. Ya rushe tsohuwar rumfarsa ya gina ta bulo, ya sa dogon teburi mai sheƙi. A bakin teburin an kafa ƙusa biyu, tsakaninsu shi ne yadi guda. Ya ja, ya ninka, ya ja, ya ninka, har sau goma sha biyu, ya yaga ya naɗe mata. Ita idonta cike da hawaye, ko ƙusar ba ta kalla ba.

Shekara goma sha biyar tana wannan aiki, ba ta taɓa yaga likkafani ba sai ta auna shi da kamunta tun daga farko har ƙarshe. Kamunta biyu yadi ne cif, kowa ya sani. Ran nan ne kaɗai ba ta auna ba. Wa zai tsaya lissafin yadi, ƙawarsa na kwance? Ta wanke Salamatu a hankali kamar yadda ta roƙa, ta yaga zane, ta yaga riga, ta yaga kallabi, ta yaga mayafi na farko, duk daidai da yadda hannunta ya saba. Da aka zo kan babban mayafi, wanda ake naɗe jiki duka a ɗaure kai da ƙafa, sai ya ƙi kaiwa. Aka ja sama, ƙafa ta fito. Aka ja ƙasa, kai ya fito.

Innalillahi! Maza na zaure suna jira, an gama haƙa kabari, hadari ya haɗo ta gabas. Dole aka tashi wani ya koma kasuwa a keke ya ƙaro yadi. Mata sun cika ɗaki da tsakar gida. A nan ne Zubaidatu, idonta jawur, ta ɗago kai.

"Inna, goma sha biyu maigidana ya ce a sayo. Ina sauran?"

"Abin da aka ba ni ke nan, 'yar nan."

"Haba Inna! Har likkafanin ƙawarki?"

 Magana zarar bunu ce. Kafin a yi sadakar uku an gama da Inna Rahamatu a unguwa. Wata ta ce dama ta daɗe tana mamakin fararen fatarinta. Wata ta ce ai lokacin rasuwar kakarsu ma ta ga ta fita da ƙunshi a hammata. Ƙunshin nan sabulu ne da soso, sun sani sarai, amma bakin mutane ba ya son abin da ya sani. Bayan sadakar bakwai Zubaidatu ta koma Kaduna ba ta leƙo ta yi sallama ba.

Aka yi rasuwa a gida na huɗu da nata. Ta ji salati ta katanga, ta tashi ta haɗa kayanta, ta yafa mayafi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana jiran sallama. Har aka fita da makara babu wanda ya zo. Wata mata aka ɗauko daga Liman Abaji. Da aka sake yin wata rasuwar, haka. Ranar ta yi kuka irin wanda ba ta samu ta yi wa Salamatu ba. Ba sadakar da ake ba ta ce ta dame ta ba, tana da 'yar gonar gyaɗa a bayan gari. Abu ɗaya take da shi a duniya, a ce amintacciya ce a kan mamaci, shi ne aka karɓe.

Ta koma kantin Alhaji Zailani ta sayi yadi biyu na alawayyon nan, ta zo gida ta ɗora a kamunta. Bai cika huɗu ba. Ta sake, ta sake. Kowane yadi da giɓin yatsa uku. Yatsa uku sau goma sha biyu kuwa ya fi kamu guda, ga ƙafar Salamatu nan.

Washegari ta same shi kanti cike da matan ma'aikata suna zaɓen leshi. Ta jira har ya ɗago, ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, awonka bai cika ba. Ka duba ƙusar nan."

Ko kallon ƙusar bai yi ba. "Iya, awona awon gwamnati ne. Hannunki ne ya tsufa. Ɗan matsa, kin tare wa mutane."

"An ce na saci likkafani, alhali a teburin nan ya ragu!"

Sai ya ajiye almakashi. "To me kike so ki ce? Faɗi mana, ga shaidu. Ki faɗa, gobe mu haɗu gaban alkali."

Kalmar tana kan harshenta, wallahi saura ƙiris. Ta haɗiye ta don tsoro, ba don hankali ba, ta fita.

Daga nan gidan waya ta nufa. A gindin mangwaron da ke ƙofar akwai Malam Gamaliel, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya kafa teburi yana rubuta wa mutane wasiƙa. Ta zauna a benci, wanda ke gefe ya ɗan ja jikinsa, ta ce a rubuta wa Sarkin Kasuwa takarda.

"Rubuta, Malam. Ka ce Alhaji Zailani ɓarawo ne, azzalumi, mai cin likkafanin matattu."

Malam Gamaliel ya cire tabarau. "Inna, kin ga ya sata?"

"Yadinsa bai cika ba!"

"Wannan kin gani, zan rubuta. Shi ya kafa ƙusar da hannunsa? Ya san ba ta kai ba?"

"Ina zan sani? Amma ai ko makaho..."

"To ba ki sani ba. In na rubuta ɓarawo, ke za a ci tara, ni kuma a kwashe mini teburi. Bar ma ta alkali. Ita 'yar Salamatu da ta zarge ki, ta ga kin sata?"

 Inna Rahamatu ta ji haushinsa ƙwarai, irin haushin da ake ji in mutum ya faɗi gaskiya ba a tambaye shi ba. Can ta ce, "Zato zunubi. Rubuta yadda ka ga dama." Ya rubuta ranar da ta sayi yadi, da abin da ta nema, da abin da ta samu, da roƙon a zo a duba awo. Ya karanta mata. Ta ce takardar ba gishiri. Ya ce haka ake so.

Takarda ta tafi, shiru kake ji. Sarkin Kasuwa da Alhaji tare suke cin goro a ƙofar kanti kowace safiya, wa zai tashi ya auna teburin abokin hirarsa saboda wata tsohuwa? Bayan sati uku ta koma gindin mangwaro. Malam Gamaliel ya yi tunani, ya ce ta dawo gobe. Da ta dawo sai ya miƙo mata wata doguwar sanda shafaffiya mai zane-zanen lamba, irin wadda malamai ke ja layi da ita a allon aji.

"Wannan yadi guda ce, ba ragi ba ƙari. Kamunki za a ce ya tsufa, ita ba za a ce ba. Abin da ta nuna shi za ki faɗa, Inna. Kada ki ɗora ko kalma ɗaya a kai."

Ranar kasuwa ta shimfiɗa 'yar tabarmarta a tsallaken kantin, a hanyar kowa da kowa, ta ajiye sandar a gabanta. Duk wanda ya fito da ƙunshin yadi sai ta ce, "Kawo a auna maka, kyauta ne."

Kai, Inna ma dai! Ta manta ko ita wace ce. Wa zai miƙa yadin sallarsa, ko na lefen 'yarsa, mai wankan gawa ta auna? Mata suka riƙa rungume ƙunshinsu suna a'uzubillahi, suna canza hanya. Wani matashi ya ce, "Inna, ai da sauranmu tukuna!" aka kwashe da dariya. Alhaji ya aiko a tashe ta, ta ce hanya ta gwamnati ce, kuma ba ta ambaci sunan kowa ba. Aka duba aka ga haka ne, aka ƙyale ta. Ta wuni a rana ita da sanda. Kasuwa ta biyu ma haka, ta uku ruwa ya yi mata duka har ta koma gida da zazzaɓi, babu mai dafa mata ko ruwan zafi. Da ta ji sauƙi ta ce a ranta sau ɗaya ya rage, in ba a dace ba ta mai da wa Malam sandarsa.

A kasuwa ta huɗu Allah ya kawo Magdalena. Manomiya ce daga wani ƙauye a hanyar Akwanga, ta sayar da doyarta ta sayi yadi shida na kayan makarantar 'ya'yanta mata. Ba ta san Inna Rahamatu ba, ba ta san sana'arta ba. Ta ji an ce kyauta, ta durƙusa ta kwance ƙunshi.

Inna ta ɗora yadin a sanda, a fili, a hankali, tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na shida ya tsaya a tsakiya.

"Nawa kika ce a ba ki?"

"Shida, Mama."

"Biyar ne da rabi. Ga shi, auna da hannunki."

Magdalena ta auna da kanta. Sai ta miƙe ta ɗaura ɗankwali a ƙugu. Jama'a, ashe Allah ya yi wa matar nan murya! Tun daga layin 'yan yadi har rumfar mahauta an ji ta. Kafin ka ce kwabo wuri ya cika. Waɗanda jiya ke gudun tabarmar Inna su ne yau ke turereniya, kowa na miƙo nasa, an manta da camfi tunda abin ya taɓa aljihu. Duk yadin da ya fito daga kantin, giɓin yatsa uku. Na sauran kantuna kuwa cif. Inna ba ta faɗin komai sai adadin da sanda ta nuna.

Dole Sarkin Kasuwa ya taso. Aka shiga kanti da sandar, aka kwantar da ita a bakin teburi. Kanta ɗaya ya taɓa ƙusa, ɗayan ya wuce ta biyun da yatsa uku. Gani ya kori ji.

Nan take wuri ya ɗauka, ɓarawo, macuci, a fito da shi. Alhaji Zailani ya yi zuru-zuru, gumi na zuba, yana rantsuwa cewa kafinta ne ya kafa ƙusoshin lokacin da aka yi sabon teburi, shi bai taɓa dubawa ba. Ko gaskiya ya faɗa, ko ya sani ya kau da kai, ni mai ba ku labari ban sani ba har yau. Sarkin Kasuwa ya juyo ya ce, "Iya, ke kika tono wannan. Me za ki ce a kansa?"

Ga dama ta samu. Duk kasuwa na jira, kuma ko me ta kira shi a ranar babu alkalin da zai saurari ƙararsa. Ta dube shi, ta tuna yadda ya ce hannunta ya tsufa, zuciyarta na tafasa.

"Ranka ya daɗe, ban ce ya sani ba, ban shiga zuciyarsa ba. Ƙusa ce ba ta kai ba. Ranar da Salamatu ta rasu goma sha biyu na nema a teburin nan, abin da aka ba ni shi na kai, ban rage ko zare ba. Laifina ɗaya, ban auna ba. Wannan nake so a ji."

An ji kuwa. Aka zare ƙusa aka mayar inda ya kamata, a gaban kowa. Aka ce duk wanda ya zo da shaida a cika masa. Alhaji da hannunsa ya jawo bandir ɗin alawayyo ya yaga kamu biyu, ya miƙo mata, kansa a ƙasa. "Iya, ga cikon naki. Ki yafe ni."

Ta dubi ƙyallen. "Na yafe, Alhaji. Amma wa zan ƙara wa? Mai shi ta yi wata biyu a ƙasa." Ta ɗauki tabarmarta ta fita, mutane na buɗa mata hanya.

Kada ka zaci an yi layi a ƙofarta ana ba ta haƙuri. Ina! Waɗanda suka yi maganar fatari su ne suka fara cewa dama su ba su taɓa yarda ba. Rasuwar da aka yi bayan nan an aiko an kira ta, kamar ba abin da ya faru, ta tashi ta je. Ta ci gaba da aikinta har ƙarfinta ya ƙare. Goronta dai har ta bar duniya ana cewa yanzu aka ci.

Amma duk mutanen kasuwar nan ba su ne take so su ji ba. Da ta mayar wa Malam Gamaliel sandarsa, sai ta zauna a benci ta ce a rubuta wata takardar, zuwa Kaduna. Ya samo adireshin ofishin mijin Zubaidatu a wurin wani ɗan'uwansu. Ta faɗi abin da ya faru a kasuwa daki-daki, da sunan waɗanda suka gani. Ya rubuta, ya tsaya.

"In ce ta nemi gafararki?"

"A'a."

"In ce ranki ya ɓaci?"

"Kada ka ɗora komai, Malam. Ka dai ce na wanke uwarta da kyau, ban yi gaggawa ba. Ka ce in ta zo gida ta leƙo ni."

Ya manna kan sarki ya jefa a akwati tana kallo. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa sai ta biyo ta gindin mangwaro ta gaishe shi, ta ɗan tsaya. Ba ta tambaya, shi ma ba ya jira ta tambaya, sai ya ce, "Tukuna, Inna." Ta ce, "To, Allah ya kawo." Ko takardar ta ɓata a hanya, ko an yi musu canjin wurin aiki, ko kunya ce ta hana Zubaidatu, babu wanda ya sani. An sayar da gidan Salamatu ta hannun dangi, wasu baƙi suka shiga.

Shekara shida tana biyowa. Ranar da Malam Gamaliel zai kwashe teburinsa ya koma ƙauyensu, don ido ya ƙi, ya ce mata zai bar wa ma'aikacin gidan waya sunanta, in wani abu ya zo a kai mata har gida. Ta yi godiya, ta ce ya gaya masa ɗakin da ke dama in an shiga, kuma ya ɗaga murya in ya yi sallama, don ita kaɗai ce a gidan.